Na sayi gem, amma ba a sallama mini ba

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, huɗu ga azumi, tun da hantsi muka ga alamar ba lafiya a Abbatuwa ta Oko-Oba. Ni ne nake riƙe wa Kawu littafin ciniki, don haka a kaina abin ya fara faɗowa. Wani mahauci ya taya bijimai biyu, an daidaita, ya ce ya tura kuɗi. Ya miƙo mini wayarsa, ɗan zoben nan yana ta juyawa a allo, ni kuma tawa shiru, babu alat. Yaron POS na bakin ƙofa sai ɗaga injinsa yake sama kamar mai roƙon ruwa. Sai wajen azahar muka ji a rediyo cewa manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Kwaddebuwa, kuma abin ya shafi ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma.

Kawu ya kalli rediyon, ya kalle ni. "Wato igiyar da ke cikin teku ce za ta hana ni sayar da sa a Agege?" Ya sa aka mayar da bijiman turke, ya ce wa mahaucin in kuɗi sun shigo ya dawo, ni kuma ya ce in tafi gida tunda littafina ba shi da aiki.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Yinin azumi a Legas cikin Maris dogo ne, ga zafi mai danƙo, ni kuma ina da gem a kwamfuta da na yi kwana goma ban taɓa ba. Na san akwai masu cewa wata ne na karatu. Na karanta izifina da asuba, a yi mini uzuri.

Gem ɗin ban same shi a banza ba. A watan Disamba na saye shi, lokacin da shagunan gem na intanet ke zaftare farashi na ƙarshen shekara. Katin naira a lokacin ba ya sayayya a waje, tun 2022 bankuna da yawa suka rufe wannan ƙofar, sai da na ba wani abokina naira ya biya mini da katinsa na dala. Dala tana wajen dubu ɗaya da ɗari biyu a bayan fage, kuɗin suka tasar wa dubu talatin. Sannan ga saukewa: giga saba'in da wani abu, dare uku ina tashi ƙarfe ɗaya saboda datar dare ta fi araha, ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Laftof ɗin tawa tokumbo ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, in wuta ta tafi sai ta mutu fit kamar an hure fitila. Kuma gem ne na mutum ɗaya. Ba na karawa da kowa a Turai ko Amurka, labari ne kawai nake bi, ni da dokina da abokan gabar da kwamfuta ke juyawa. Duk abin da ake buƙata yana cikin na'urata. Abin da na ɗauka ke nan.

Na kunna, na danna hoton gem. Maimakon gem sai manhajar shagon da na saya ta buɗe, tana neman sunana da kalmar sirri. Na rubuta. Ta yi jim, ta ce ba ta samu hanyar kaiwa ga sabarsu ba, wato babbar kwamfutar shagon da ke riƙe da asusun mutane. Na sake, haka. A ƙasa akwai maɓallin shiga ba tare da intanet ba, na danna da murna, ya ce babu bayanan shigata a ajiye a wannan na'ura.

A nan laifina ne, kuma na sani. Ƙanena yana taɓa kwamfutar in ba na nan, shi ya sa kullum na gama sai in fita daga asusun gaba ɗaya, kuma ban taɓa yarda manhajar ta riƙe kalmar sirrina ba. Ashe hanyar wasa ba intanet, da intanet ake buɗe ta. Dole ka shiga tun akwai sabis, ka bar ta ta tuna da kai, sannan in sabis ya ɗauke ta gane fuskarka. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ranar tafiyar na ɗauko wuƙa. Na rufe kwamfuta na kwanta a tabarma ina kallon silin har aka kira la'asar.

Da daddare bayan asham babu abin da ya canza. Sai wajen sahur sabis ya fara rarrafowa. Na jona laftof da datar wayata, na sa kalmar sirri, wannan karon ta wuce, amma ta ce ta aika lambobin tabbatarwa zuwa imel ɗina. Imel ɗin kuwa ya ƙi buɗewa. Kafin ya buɗe, lambobin sun mutu. Na nemi sababbi, suka zo a makare, su ma sun mutu. Ina tauna shinkafa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya, sai a karo na huɗu na riga su. Na shiga, na sa alama a ɗan akwatin da ke cewa a tuna da ni, na mayar da manhajar yanayin aiki ba intanet, na katse data, na danna gem.

Ya ce akwai sabuntawa ta giga goma sha ɗaya da ke jira, kuma ba zai buɗe ba sai an kammala ta.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, 'yan mintunan nan da na yi a intanet su ne suka jawo. Kafin in shiga, manhajar ba ta san an fitar da sabuwar siga ba. Da ta leƙa ta gani, sai ta ɗauki gem ɗin da ke hannuna a matsayin wanda bai cika ba, alhali kwana goma da suka wuce lafiya lau yake gudu. Giga goma sha ɗaya a sabis ɗin da ya kasa buɗe imel, wannan ba magana ba ce. Na haƙura.

Ranar Asabar abubuwa sun ɗan daidaita, don kamfanonin sadarwa sun karkatar da hanya ta wasu wayoyin da ba su katse ba, ko da yake gyaran na cikin teku sai da ya ci makonni. Na sayi data mai tsada ta rana, na sauke sabuntawar. Sai ga ƙofa ta biyu. Kamfanin da ya ƙera gem ɗin yana da tasa manhajar daban da ta shagon, da nata asusun, wanda na buɗe cikin gaggawa a Disamba na manta abin da na sa. Aka sake zagayen imel. Wannan ban daɗe a kansa ba. Bayan isha'i gem ya buɗe, na ga dokina a tsaye inda na bar shi, na buga har ƙarfe sha biyu. Na ce magana ta ƙare.

Lahadi da safe ya ƙi. Saƙon wannan karon sabo ne: ba a iya tabbatar da lasisi ba, a haɗa da intanet. Na jona waya, ya buɗe nan take. Na katse, na rufe gem, na sake buɗewa, ya buɗe ba musu. To me ya faru? Litinin da safe ya sake ƙi. Na jona, ya yarda. Na fara zargin ko kullum yake son ganin intanet sau ɗaya, amma da yammacin Litinin ɗin, bayan wuta ta tafi ta dawo, ya ƙi a karo na biyu a yini guda. Data kuma tana ta zurarewa, domin duk lokacin da na jona, kowace manhaja a kwamfutar sai ta buɗe baki.

Talata na roƙi Kawu rabin yini, na saɓa jaka na hau danfo zuwa Ikeja. Muna tafe a gefen layin dogo ina kallon sababbin tashoshin jirgin Red Line da aka ƙaddamar a ƙarshen Fabrairu, ba a fara ɗaukar fasinja ba tukuna, mu kuma muna gasuwa a go-silo da ƙishirwa.

A Computer Village akwai wani mutuminmu da kowa ke kira Injiniya, rumfarsa a ƙarƙashin matakalar bene ce a layin Otigba, faɗinta bai wuce tabarmar salla biyu ba. Na zayyana masa komai tun daga Alhamis. Bai ce uffan ba sai da na kai kan batun wutar da ta tafi ta dawo.

"Tsaya, mutumina. Kada ka jona ta da komai."

Ya sa caja, ya kunna, ya kashe, ya zare cajar, ya ci gaba da gyaran wata waya kamar ya manta da ni. Bayan minti biyu ya mayar da caja ya kunna. Da allo ya haska sai ya ɗora farcensa a kusurwar ƙasa ta dama, inda agogo yake.

"Karanta mini."

Ƙarfe sha biyu na dare, ɗaya ga Janairu, 2016.

"Kai kana 2024, ita tana 2016," in ji shi. "Gem ɗin da ka saya ba a ma haife shi ba a lissafinta."

Ya kifa laftof ɗin a kan wani tsohon tawul, ya kwance sukurori yana jera su a murfin kwalba. A gefen allon na'urar akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, an naɗe shi da baƙar leda, da siraran wayoyi biyu, ja da baƙa. CR2032 ake ce masa. Aikinsa ke nan kaɗai, ya riƙe agogo da saitin farko na kwamfuta yayin da take kashe. Lafiyayye yana ba da bolt uku. Injiniya ya ɗora masa bakin mita, lambar ba ta kai ɗaya ba. Da babban batirin laftof ɗin yana da rai, da ya rufa masa asiri. Tunda shi ma ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai agogon ya koma ranar da aka ƙera shi.

Na ce ai ban taɓa ganin kwanan wata ya karkace ba.

"Saboda kullum kana jone. Windows da ta ga intanet take gyara agogonta da kanta, kafin ka kula. Intanet ɗin ne yake ɓoye maka ciwon."

Daga nan ya warware mini kullen na uku, wanda ban ma san da shi ba. Bayan manhajar shago da ta kamfani, a cikin gem ɗin kansa akwai wani kulle na hana satar fasaha. Ranar farko da ka buɗe shi da intanet, kullen yana duba na'urarka, irin injinta da sassanta, ya aika wa sabarsu, su ba shi wani abu kamar tikiti wanda aka yanka don wannan na'urar kaɗai. Muddin tikitin ya dace da abin da kullen yake gani, ba ya neman intanet. In wani abu ya motsa, sai ya ce bai san ka ba. Agogon da ya yi tsalle shekara takwas baya kuwa ya isa ya sa tikiti ya zama takardar banza. Ya ce canza manyan sassan na'ura ma yana iya kashe shi, haka babbar sabuntawar Windows, haka sabuntawar gem ɗin. Wasu kullayen ma suna ƙirga sau nawa aka nemi sabon tikiti a kan na'urori daban-daban, in ya kai biyar cikin awa 24 sai su rufe ka har gobe, ko da kai ne mai shi.

Yana cikin liƙa sabon batir wani yaro da ke zaune a kan benci ya matso kusa da ni. Ya ce da dubu biyu zai zuba mini wannan gem ɗin, wanda aka fasa kullensa, ba asusu, ba kalmar sirri, ba ruwansa da agogo. Na yi shiru na ɗan lokaci, don gaskiya maganar ta shige ni. Ni da na biya dubu talatin kwana shida nake rantsuwa ana ƙaryata ni, wanda ya ɗauka a ɓagas kuma ko sallama ba a nemansa da ita. Kullen da aka ce don ɓarawo aka yi, mai gida kaɗai yake tsarewa a ƙofa. Injiniya bai ɗago kai ba ya ce, "Lissafin Kawunka da shigar banki duk a kan wannan na'urar suke ko?" Na ce e. "To ka sani, wanda ya fasa maka kulle kyauta, ba ka san me ya bari a ɗakin ba." Ya ce rabin kwamfutocin da ake kawo masa da bairos ta nan suka kamu. Ko rabi ne ko ba rabi ba, na ce wa yaron na gode.

Sauran aikin a kan intanet ɗin rumfarsa muka yi, kuma a jere, don ya ce tsarin shi ne maganin. Muka gyara agogo. Muka shiga manhajar shago aka bar ta ta riƙe ni, haka ta kamfanin. Muka jira har babu sauran sabuntawa ko ɗaya a layi. Muka buɗe gem, ba iya shafin farko ba, sai da na hau doki na yi 'yar sukuwa, don tikitin ya zauna. Sannan muka mayar da manhajojin biyu yanayin aiki ba intanet tun muna jone, muka katse, muka kashe kwamfuta, ya zare caja, ya sake jira minti biyunsa. Da ta tashi agogo yana nan a 19 ga Maris, 2024. Na danna. Ya buɗe.

Ya ƙara mini gargaɗi ɗaya. In na daɗe ina wasa ba intanet sannan na jona, manhajar za ta iya tambayata wane ajiyayyen wasa za ta riƙe, na kwamfuta ko na sabarsu. In duba kwanan wata kafin in danna, in ba haka ba tsohon zai hau kan sabon, aikin mako biyu ya tafi. Batir da aiki, dubu ɗaya da ɗari biyar.

Ina ɗaure jaka yake ce mini nawa mai sauƙi ne, tunda da batir ya warke. Akwai gem ɗin tseren mota na kamfanin Ubisoft na Faransa, The Crew, da ya fito a 2014, wanda an riga an sanar za a kashe sabarsa a ƙarshen watan. Haka kuwa aka yi ranar 31 ga Maris. Shi an gina shi ne a kan dole sai da intanet, don haka da aka kashe, har wanda ya sayi faifai a kwali ya tashi ba shi da komai. Wannan ne ya tayar da gangamin Stop Killing Games da wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya fara a watan Afrilu, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. Rigimar ba sabuwa ba ce. A 2013 Microsoft ta ce na'urarta ta buga gem, Xbox One, sai ta leƙa intanet sau ɗaya kowace awa 24, mutane suka yi caa, ta janye tun kafin na'urar ta shiga kasuwa. A Satumban 2024 jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta hana shagunan intanet rubuta "saya" ba tare da sun bayyana wa mutum cewa lasisi yake karɓa ba, wata guda bayan haka shagon Steam ya fara rubuta hakan ƙarara a wajen biyan kuɗi. Ni dai tun daga lokacin in zan sayi gem sai na fara leƙa GOG, shagon 'yan Foland da ke sayar da wasanni ba kulle. Nan ma a takarda lasisi ne, amma suna ba ka fayil ɗin girkawa ka sauke ka ajiye a faifanka, ka girka ranar da ka ga dama ba tare da neman izinin kowa ba. Ba kowane gem ake samu a can ba, wannan nawa ma babu shi. Shi har yau duk Juma'a in an sauko masallaci nakan jona shi da waya na minti ɗaya, ya ga masu shi, hankalinsa ya kwanta.

Duk wannan daga baya na sani. A daren Talatar nan, muna shan ruwa da kunu da ƙosai a ƙofar gida, Kawu ya tambaye ni abin da ya kai ni Ikeja da azumi a baki. Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya saurara har ƙarshe yana juya ludayi.

"Ka biya kuɗin duka?"

"Duka, Kawu."

"Ba bashi, ba jingina?"

"Babu."

"Da ka biya, ya ce maka ya sallama?"

Na tuna dogon rubutun nan na Turanci da na danna amincewa a ƙarƙashinsa ban karanta ko layi ɗaya ba. Na ce ban ji ya faɗa ba.

"To ɗana, sa ya sayar maka ya riƙe igiya. Kai ne da ciyarwa, kai ne da turke, shi kuma duk safiya sai ka kai masa ya duba haƙori." Ya kurɓi kunu. "Nawa ka ce batirin?"

Da na faɗa masa, ya yi dariya har sai da ya ajiye kwanon.

Kuɗin mahaucin nan an cire su daga asusunsa tun Alhamis, suka maƙale a hanya, kullum sai ya zo ya tsaya yana kallon bijimansa suna cin dusar Kawu. Laraba da safe, ina buɗe littafi, alat ya shigo. Na nuna wa Kawu wayar. Ya tashi da kansa ya kwance su daga turke, ya naɗe igiyoyin biyu ya danƙa a tafin mutumin, ya ce, "Na sallama, Allah ya sa albarka." Mahaucin ya ja su ya bi ta ƙofar baya, Kawu kuma ya juya wajen wani da ke taya wata karsana.